Lamba mai haske a jikin motar tseren layi: wa ya taɓa haɗa ta?

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina wuninku, ina zafi?

Tambayata ga masu gyaran rediyo da salula take, da duk wanda hannunsa ya saba da fer da dalma. Ina da layin tseren ƙananan motoci na kamfanin Carrera, samfurin da suke kira Digital 132. Yayana ne ya samo shi tsohon hannu a Beljiyam ya aiko mini cikin kaya. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba: hanya ce ta roba mai layi biyu, kowane layi da tsaga a tsakiya, ƙarfe biyu na bin gefen tsagar, su ke ɗauke da kuran. Motar kashi ɗaya ce cikin 32 na girman motar gaske, tsawonta wajen santimita 14 ko 15. A ƙarƙashinta akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar, da kitson waya biyu da ke gogar ƙarfen. A irin na da, mota ɗaya layi ɗaya, shi ke nan. A na dijital kuwa mota shida na iya gudu kan layi biyun nan, kowace da pus a cikinta, wato ƴar ƙwaƙwalwar lantarki, da ke jin maganar telekomand ɗinta kaɗai, kuma direba na iya sauya layi a mararraba ya wuce na gabansa.

Na shimfiɗa shi kan katako a zauren gidanmu. Asabar da Lahadi bayan La'asar samarin layinmu da ƙannensu suna cika wurin. Abin da ke kawo rigima shi ne, cikin motoci shidan uku jajaye ne, kuma lambar da aka buga a jikin mota ba ruwanta da lambar telekomand. Haɗa mota da telekomand ba wuya: ka ɗora ta ita kaɗai kan layi, ka danna Code a akwatin sarrafawa, ka danna maɓallin telekomand, an gama. Don haka kowane yaro ya zo sai ya maida motar da yake so kan telekomand ɗin da ya riƙe. Da an fara gudu, wani yana kallon motar wani yana zaton tasa ce, yana matsa wuta tasa tana can tana cin karo a kwana.

Abin da nake so: ɗan allon lamba mai haske a ƙofar kowace mota, dama da hagu, ya nuna lambar telekomand ɗin da take bi a lokacin, daga 1 zuwa 6, kuma in an sauya ya sauya da kansa. Ba ƙirƙirata ba ce. Motocin tseren awa 24 na Le Mans a Faransa lambarsu na haske da dare, kuma a 2015 masu tseren IndyCar a Amurka sun sa wa motocinsu allon LED da ke nuna matsayin kowace mota a tsere. Ni dai lambar telekomand ta ishe ni tukuna.

Ga inda na kai. Na ciro allon lamba mai sanda bakwai daga gaban wata tsohuwar DVD da na samu a kasuwar Katako, na yanke lamba biyu daga ciki. Na ɗauko kuran daga wayoyin kitso, volt 14.8 ke nan, na sauke shi zuwa volt 5 da regilater 78L05, na sa rezistans mai om 330 a kowace sanda, na haɗa su yadda za su nuna 3 kawai, don gwaji. Abu uku suka fito.

Regilater ɗin yana zafin da ba ka iya riƙe shi, har robar cikin motar ta fara laushi a wurin. Sannan lambar tana ƙyaftawa, musamman a mararraba da inda gaɓoɓin hanya suka haɗu. Na ukun shi ya fi ɗaure mini kai: da na sa kondansater babba tsakanin wayoyin kitson don ƙyaftawar ta daina, sai duk motocin da ke kan layin suka daina jin telekomand. Ba ita kaɗai ba, duka. Na ɗaga ta, komai ya dawo daidai. Na mayar, suka sake kurmancewa.

To mene ne wannan? Kuma ta ina allon zai san lambar motar ba tare da na sa masa maɓalli ba? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Rediyo, Katako:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun kafin ka yi zancen lamba, gyara cin abincin allon, don a nan duk ciwonka yake.

Fara da na ukun. A layin dijital kuran ba ya hawa ya sauka da matsin hannunka irin na tsohon yayi. Kullum cike yake. To ta ina umarni ke isa wurin motar? Ta ƙarfen nan dai. Akwatin sarrafawa yana ɗan datse kuran ɗin yana maidowa da sauri ƙwarai, datsewar nan ita ce maganar da pus ɗin kowace mota ke karantawa. Kai kuma ka ɗauko kondansater ka ɗora kai tsaye. Kondansater randa ce: pampo na zuba tana cika, pampo ya ɗauke ita ta ba da nata. Duk lokacin da akwatin ya datse kuran don ya yi magana, randarka sai ta zubo nata kan layin ta cike gurbin. Maganar ta shafe, kowa ya kurmance. Ba abin da ya lalace.

Maganinsa diyod ɗaya. Ka sa ta a wayar da ke kawo kuran, kafin kondansater, yadda zai shiga ba zai koma kan layi ba. Nemi 1N5819, ko SS14 in kana son ƙarama ta liƙe kan plak. Cikin tsohuwar sharjar salula ba ka rasa irinta. Gaban diyod ɗin ƙara rezistans mai om 10, don kada kondansater ya zuƙi kuran da ƙarfi duk sanda aka ɗora motar, kitso ya riƙa tartsatsi. Kuma ka duba ƙarƙashin motar Carrera, akwai ɗan makunni na juya gaba da baya. Ɗauki kuran ɗinka bayan makunnin nan, inda yake shiga pus, in ba haka ba ranar da yaro ya tura shi allonka ya mutu ka yi ta nema. Ka auna da miltimetir ka tabbatar wace ce mai ƙari wace ce mai ragi, kada ka bi launin waya. Wanda ke da Scalextric na Ingila shi kuma diyod ɗaya ba ta yi masa, don nasu kuran ɗin layin juyawa yake yi gaba da baya, sai gadar diyod huɗu, irin MB6S.

Zafi kuma lissafi ne. LED ja tana cin wajen volt 2. Ka ba ta 5, saura 3, ka raba da om 330, kowace sanda na jan kuran kusan miliampe 9, wato mA 9. Lamba 3 sanda biyar ce, gefe biyu sanda goma, mA 90 ke nan. 78L05 iyakarsa mA 100, ka kai shi bakin kabari. Daga 14.8 zuwa 5 kuma akwai kusan volt 10 da ba su da wurin zuwa sai su zama zafi, ka ninka da mA 90, kusan wat ɗaya a cikin ɗan abin da bai kai ƙwayar wake biyu ba, a rufe cikin roba, a Yamai, a watan Afrilu. Ka gode Allah roba kawai ta yi laushi.

Ba ka buƙatar wannan hasken duka. LED na yanzu da mA 1 ma ana ganinta sarai cikin zaure. Sa om 2700 ko 3300 maimakon 330. Lambar da ta fi cin sanda cikin naka ita ce 6, sanda shida, gefe biyu sha biyu, mA 12. Ƙara na ɗan pus ɗin da za ka sa, ka ce 16. Zafin ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin shida na wanda kake da shi yanzu.

Da ka rage cin, kondansater ma ya ragu. Regilater na so a bar masa aƙalla volt 7 a bakinsa, ke nan kana da sararin faɗuwa daga 14 zuwa 7. Mai mikrofarad 220 zai riƙe mA 16 kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mai 470 ninki biyu. Mota a guje ba ta daɗe haka kan gurbi ba. Ɗauki mai volt 25, kada ka yarda da mai 16, ya yi kusa da baki. Sai ƙananan nan na nanofarad 100, ɗaya a bakin regilater, ɗaya a bayansa, ɗaya manne da ƙafafun pus, saboda ƙazantar da moto ke watsawa.

Sauran ƙyaftawar ƙura ce. Garin nan ko ka rufe ɗaki sai ta shiga. Goge ƙarfen layin da tsumma mai ɗan alkol kafin wasa, ka taje kitson da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kai masa takardar yashi, za ka kakkarce ƙarfen.

Na-Wadata:

Ni fa ban gane wahalar nan ba. Ka sayi sikoc kala shida, ka manna wa kowace mota da telekomand ɗinta kala ɗaya, ka hana yara taɓa maɓallin Code. An gama, ko dala ashirin ba ka kashe ba. Motocin nan ba a samun kayan gyaransu a nan, in ka ƙone pus ɗaya sai ka jira mai zuwa daga Turai. Don lamba kawai?

Ɗan Bukoki:

Na-Wadata, ka zo ranar Lahadi ka hana su, ni zan ba ka kujera da shayi. Maganar pus dai gaskiyarka ce, shi ya sa nake tambaya kafin in kai fer kusa da shi.

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Yanzu na fahimci kurmancewar.

Malamin Lantarki, Tawa:

Sallama gare ku. Abin da Baba ya hwaɗi kan kuran babu abin ƙari. Ni kan tambaya ta biyu zan tsaya, wato ta ina allon zai san lambar.

Ba sai ka gaya mishi ba, motar da kanta tana shelar lambarta. Juya ta ka duba kusa da harshen, za ka ga ɗan ƙwai ƙarami da ke kallon ƙasa. LED ce ta infraruj, ido ba ya ganin haskenta, amma in motar na bisa layi ka leƙa da kamarar salula, galibin kamarori suna nuna ta da ɗan haske shuɗi-shuɗi. Da ita mararraba da wurin ƙidayar zagaye suke gane wace mota ta wuce. Kuma yadda Carrera sunka tsara abin yana da daɗin aiki: tana ƙyaftawa ne da tazara ƙayyadadda. Mota mai lamba 1, mikrosakan 64 tsakanin ƙyaftawa da ƙyaftawa. Mai lamba 2, 128. Mai 3, 192. Haka har 6, wadda taka 384. Ke nan in ka auna tazarar ka raba da 64, lambar ta hito. Ranar da yaro ya sauya telekomand, tazarar ta sauya, allonka ya bi.

Pus ɗin da zan ba ka shawara ATtiny84. Mutane sun hi sanin ATtiny85, amma ƙahwa takwas gare shi, biyar kaɗai kake iya aiki da su cikin sauƙi, kai kuwa kana son bakwai na sanduna da ɗaya ta saurare. Na 84 ƙahwa 14 gare shi, ya wadatar, kuma yana da agogo na ciki mai iya kama lokacin da sigina ta shigo. Ka gudanar da shi a megahaz 8, ka raba da 8, kowane bugu ya zama mikrosakan ɗaya, lissahin ya zo miƙe. Da ɗan plak ɗin nan da ake kira Arduino Uno kake zuba mishi shirin daga kwamfuta, ba sai ka sayi wata na'ura ba. Akwai dabarar da aka sani da sunan Charlie Allen na kamfanin Maxim, wadda da ƙahwa huɗu kake kunna LED 12, da biyar 20, in dole sai ƙaramin pus. Amma wayoyin na rikiɗa mutum, ga ɗalibaina ma ba na fara koya musu ita. Lamba ɗaya ce, ɗauki mai ƙahwa da yawa ka huta.

Wurare biyu ne mutane ke faɗuwa.

Na farko, inda za ka ɗauki siginar. In ka liƙa waya bisa ƙahwahun LED ɗin kanta, abin da za ka samu bai hi volt ɗaya da ɗan kai ba, ATtiny da ke bisa volt 5 ba zai lissafa shi a matsayin sigina ba. Bi layin plak ɗin da ido ka gano rezistans ɗin da ke ciyar da ita, ka ɗauka daga ɗaya gehen, inda siginar ke hawa da sauka sosai. Ka sa rezistans mai om 10,000 tsakanin wurin da ƙahwar ATtiny, kusa da plak ɗin motar, don ko wayarka ta taɓa wani abu pus ɗin motar bai ji ba. Wannan ita ce amsar tsoron Na-Wadata. Kahin ka haɗa, auna ka tabbata wurin bai wuce volt 5 ba, kuma ragin allonka da ragin pus ɗin motar wuri guda suke. In ba ka samu wuri mai kyau ba, ATtiny84 na da ma'aunin kwatanta ƙarhin kuran a cikinsa, shi yana iya jin ƙaramar sigina.

Na biyu, agogon cikin ATtiny ba na gaskiya ba ne sosai. Takardar masu ƙera shi ta ce yana iya kaucewa har kashi 10 cikin 100 yadda ya hito daga masana'anta, zahi kuma na ƙara tura shi. Ga lamba 1 da 2 ba komi, tazararsu ninki ce. Amma duba 5 da 6: 320 da 384, iyakar tsakaninsu 352, kusan kashi 8 zuwa 10 kawai. Pus ɗin da ya kauce zai nuna maka 5 a motar da take 6, rigimar da kake gudu ta dawo da hujja. Sai ka daidaita kowane pus: sa motar a lamba 6, duba abin da ya auna, ka gyara OSCCAL, wato lambar da ke daidaita saurin agogon, har ya ba ka kusa da 384, ka aje gyaran. Ka yi shi da rana cikin zauren da za a yi wasan, ba cikin ɗaki mai sanyi ba.

Cikin shirin kuma kada ka yarda da awo ɗaya. Moto na watsa ƙazanta, kitso na tsalle. Sai lamba ɗaya ta maimaitu sau da yawa a jere, ka ce sau 20, sannan allon ya sauya, ya rubuta ta cikin EEPROM, wato ma'ajiyar pus ɗin da ba ta mantuwa ko an ɗauke kuran. Rubutun a yi shi in lambar ta sauya kaɗai, don wurin ajiyar yana da iyakar rubutu, wajen sau 100,000. Da haka ko motar ta hita daga layi anka maido ta, lambarta ta ƙarshe za ta fara nunawa nan take.

Yaya Mai Salula, Yantala:

Ƙanena, su Baba da Malam sun ba ka kuran da ƙwaƙwalwa, ni bari in yi maka maganar jiki, don allon DVD ɗin nan da ka yanko ba zai zauna a ƙofar mota ba.

Yi lissafin girma. Lambar da ta kai santimita 20 a motar gaske, in ka raba da 32 ta dawo milimita 6 da ɗan kai. Allon gaban DVD da dekoder yawanci lambarsa ta fi haka, ga kauri, ga ƙafafu dogaye. Akwai na milimita 5 da na milimita 7 da ake sayarwa, in kana da mai zuwa Kano ka ba shi saƙo ya duba Sabon Gari. Amma ni da kaina zan ƙera, ya fi sirara kuma kayan suna cikin kwandon shara na kowane mai gyara.

Tsofaffin salula masu maɓalli, ƙarƙashin maɓallan akwai ƙananan LED, yawanci girman 0603, wato milimita 1.6 da 0.8. Akwai 0402 da ta fi ƙanƙanta, milimita 1 da rabin milimita, amma kada ka fara da ita, numfashinka kaɗai ya isa ya ɓatar da ita. Kashe bantilater kafin ka zauna, ka shimfiɗa farin ƙyalle. In farare ko shuɗɗa ka samu, su volt 3 suke ci ba 2 ba, to rezistans ɗin ya zama wajen om 2000. Kuma ka tattara na waya iri ɗaya a allo ɗaya, in ka gauraya wata sanda za ta fi wata haske.

Yadda nake yi: in manna sikoc mai gam biyu a kan katako, in zana lambar 8 a kai, in jera LED bakwai da hantsaki a kife, duka ƙafar ragi tana kallon ciki. Waya ɗaya tsirara ta bi ta haɗa ragin duka. Sauran bakwai kuma wayar cikin igiyar ekuter, siraran nan masu fenti. Ba a kankare fentin da reza, ɗigon dalma za ka ɗora a bakin fer ka tsoma kan wayar, ya ƙone da kansa ta sha dalma. Fer mai tsinin baki, taɓawa ɗaya ka ɗaga. In ka daɗe LED ta mutu ba tare da ta nuna maka ba, don haka gwada kowace da miltimetir kafin ka wuce ta gaba.

Abin da ke sa ta zama lamba ba ɗige-ɗige bakwai ba shi ne fuska. Samo baƙar roba siririya, ka yanka sanduna bakwai da sabuwar reza, faɗin kowace kamar rabin milimita zuwa ɗaya. Tsakaninta da LED ka sa farar takardar nan mai hazo da ke bayan gilashin salula da ya fashe, aikinta ke nan tun asali, baza haske. Ninki biyu ya fi ɗaya. Tsakanin sanda da sanda kuma ka ɗiga baƙin fenti ko baƙin jan farce, in ba haka ba hasken wata zai zubo cikin wata, 5 ta koma 6 ko 9 daga nesa. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ake gani.

Kada ka yi amfani da gam mai kamawa nan take kusa da fuskar ko gilashin motar, tururinsa na barin farin tabo. Gam ɗin da muke manna gilashin salula da shi, B-7000, ya fi, kuma ana iya ɓamɓarewa.

Sai nauyi. Motar duka ba ta fi giram 100 ba ko kusa da haka, giram biyar a sama ana jinsa a kwana. Allon kaɗai ya hau ƙofa. Kondansater da regilater da ATtiny su kwanta a ƙasa kan shasi, nesa da moto saboda zafi, kuma kada su taɓa gatarin taya. Tsakanin gangar jiki da shasi ka bar wayar da ɗan sako-sako, ko ka sa ƴar mahaɗa, don wata rana za ka buɗe ka sa mai.

Wani zai ce maka ka sa ƙaramin allon OLED, akwai na inci 0.42. Yana da kyau a hoto. Amma gilashi ne, motocin nan kuma rabin rayuwarsu a bango suke ƙarewa.

Ɗan Bukoki:

Jama'a na dawo da labari. Mota ɗaya ta gama, cikin jajayen.

Baba, na bi tsarinka: om 10, SS14 daga tsohuwar sharja, mikrofarad 220 mai volt 25 don 470 ɗin ya ƙi kwanciya ƙarƙashin kujerar direba. Sauran motocin suna jin telekomand lafiya lau ko tana kan layi. Regilater ɗumi kawai yake yi. Ƙyaftawa ta tafi, sai a mararraba ɗaya da ke kusa da ƙofar zaure, ita ma da na matse haɗin ƙarfenta ta daina.

Yaya, LED ɗin daga wasu matattun salula biyu iri ɗaya na ciro su, farare. Maganar baƙin jan farce gaskiya ce. Kafin in sa, ƙanena ya tsaya daga bakin ƙofa ya karanta 3 a matsayin 8. Bayan na sa, ya karanta daidai har motar na gudu. Ƙanwata dai tana neman kwalbarta. Da om 2200 hasken ya isa da La'asar, bayan Magariba ma har ya so ya yi yawa, yana haska gefen hanya. Fuskar na yanko ta daga baƙin murfin wani tsohon faifan kwamfuta, na fasa ƙofar motar daidai girmanta da ƙaramin zarto, na shafa bakin da fenti. Daga taku biyu ba ka cewa ba haka ta zo ba.

Malam, wurin siginar na same shi inda ka ce, bayan rezistans. Hannuna na rawa na liƙa, ba zan ɓoye ba. ATtiny ɗin farko da na sa motar a 6 sai ya auna wajen 360, saura kaɗan ya faɗa gidan 5. Na gyara OSCCAL ya dawo daidai. Mun gwada sauya telekomand daga 1 har 6, kafin ka ɗaga yatsa daga maɓalli lambar ta sauya. Yanzu yaran sun bar tsere sun koma sauya lamba suna kallo.

A awo motar ta ƙara nauyi kaɗan, kuma na lura tana ɗan jan gindi a kwanar ciki fiye da da, ko da yake maganaɗisun ƙarƙashinta yana rufe yawancin abin. Zan matsar da kondansater gaba kaɗan in gani.

Na-Wadata, kujerarka na nan.

Sauran tambaya ɗaya, Malam. Tunda ATtiny na da sauran ƙafafu, ana iya sa allon ya riƙa nuna matsayi a tsere, na ɗaya, na biyu, irin na IndyCar ɗin?

Malamin Lantarki, Tawa:

Madalla, barka da aiki. Ana iyawa, in akwatin sarrafawarka samfurin da ake kira Control Unit ne. Hasumiyar nuna matsayi da Carrera ke saidawa daga layin take karɓar labarinta, ke nan labarin na bisa ƙarhen da motarka ke gogawa. Amma wannan ba auna tazara ɗaya ba ne. Akwatin na aiko da kalma ɗaya kowane milisakan 7.5, kalma goma su yi zagaye ɗaya na milisakan 75, cikin tsarin da ake kira Manchester, kuma sai ka tsince wadda ta shahi motarka daga ciki, moto na ta ƙazanta kusa da kai. Siginar za ka ɗauko ta kahin diyod ɗin Baba, ta gehen layi, ta hanyar rezistans biyu da za su sauke 14.8 ƙasa da 5.

Sai ka yi tunanin yadda mai kallo zai bambanta 2 ta matsayi da 2 ta telekomand, in ba haka ba ka koma gidan jiya. Ko launi daban, ko allo na biyu bisa rufin. Gama sauran biyar ɗin tukuna. In ka gama ka turo mini shirin da ka rubuta nan zauren, in duba inda za mu saƙa karatun layin.

Baba Mai Rediyo, Katako:

Kafin ka rufe sauran, ɗana, ka naɗe ƙafafun kondansater da roba mai tsukewa da zafi. Ranar da mota ta ci bango zai motsa, in ƙafarsa ta taɓa jikin moto za ka ji wari. In ba ka da ita ka biyo ta rumfa ranar Asabar da safe, ka taho da motar in gani.